Ban Haƙurin Jiniya

A shagon ɗinkinmu Jiniya muke ce wa manaja, a bayan idonsa dai. Ƙanin mai shago ne, kuma sau ɗaya a rayuwarsa ya taɓa yin abin kirki. Ranar da wuta ta kama ɗakin ajiyar yadi, shi ya yi ta daka tsawa: kai kashe mita, ke buɗe ƙofar baya, ku ɗebo yashi. Muka bi, ba wanda ya ƙone. Gaskiya ranar ihunsa ya yi rana.

To, tun daga nan bawan Allah ya ɗauka duniya duk gobara ce. Allura ta karye, ihu. Zare ya ƙare, ihu. Ko sannu da aiki zai ce maka, sai ka ji kamar an kama ka da sata. Abin haushi, har yabon kansa yake wai ya iya riƙon mutane.

Anti mai yanka ce ke riƙe da shagon. In ba ta yanka ba, kekunanmu zaman banza suke. Ta dawo aiki bayan rasuwar mijinta, ta rame, hannunta ya yi sanyi. Kowa lallaɓa ta yake, don mun san in ta tafi, shago ya tafi. Rannan tana tsaye a gaban wani leshi mai tsada, almakashi a hannu, tana kallon bango. Sai ga Jiniya.

"Kuka kika zo yi ko yanka? Wanda ya mutu ya mutu, mai kaya na jira!"

Ta ajiye almakashi, ta naɗe tef ɗinta, ta ɗauki jaka ta fita.

Daga ranar ba ta dawo ba. Yadi ya taru har kan kujeru, masu kaya suka fara zuwa suna kwashe abinsu. Mai shago ya kira ƙanin nasa, ya ce ko ya je ya ba ta haƙuri, ko ya nemi wani aiki. Aka haɗa shi da ni, in raka shi gidanta. A hanya na ce, "Manaja, don Allah a sassauta murya. Gidan da aka yi rashi ne." Ya harare ni sama da ƙasa, ya ce in tsaya a kan kekena.

Da muka isa, Anti ta fito bakin ƙofa, ƙaramar 'yarta riƙe da gefen zanenta. Da ya ce "Anti, yi haƙuri" kawai, da ta dawo. A fuskarta na gani. Amma hali zanen dutse. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe ƙirji, ya ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo.

"Na yafe miki. Gobe ki zo da wuri, aiki ya taru."

Yarinyar ta fashe da kuka. Anti ta ɗauke ta, ta dube ni, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ka gaishe min da mutanen shago," ta ce, ta rufe ƙofa, na ji ta sa sakata.

Jiniya ya juyo yana murmushi.

"Ka gani ko? Haka ake yi da su. Gobe za ka gan ta."