Sa Hannun Farfesa

Farfesa ya ɗora kofin shayinsa a kan takardar shaidar da Auta ta kawo masa ya sa wa hannu, har gindin kofin ya jiƙa sunanta.

"Aikin kamfani?" Ya girgiza kai. "Ke da kika fi kowa a ajinku? Dawo ki yi digiri na biyu. Ɗakin gwaji yana buƙatarki."

Ta san da haka. Shekara guda cur ita ke kwaɓa siminti, ita ke fasa tubala a na'urar matsi, ita ke rubuta sakamako, shi kuwa yana yawon taruka.

"Farfesa, idon Baba ya yi rauni, ya ajiye walda. Sa hannu kawai nake roƙo."

"Gaggawa aikin shaiɗan, 'yata. Je ki yi tunani."

Ta fito tana huci. Washegari ta tafi ganawar neman aikin ba tare da takardar ba.

Manajan kamfanin gine-ginen ya ture hular kwanonsa gefe, ya jero mata tambayoyi a kan ƙarfe da nauyin bene. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"Kin iya," in ji shi. "Amma ba ki da shaida, kuma mun fi son mai digiri na biyu." Ya zaro wata mujalla daga aljihun tebur. "Dubi wannan. Yadda ake rage siminti da tokar ƙaiƙayin shinkafa. Farfesanku ya rubuta. Irin wannan ƙwaƙwalwa muke nema. Koma ki zauna gabansa shekara biyu."

Auta ta buɗe. Zanenta ne, lissafinta ne, har da jimlolin da ta yi ta gogewa tana sakewa. Suna ɗaya ne a sama, kuma ba nata ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Ta juya zuwa shafi na bakwai, ta tura masa.

"Ranka ya daɗe, akwai kuskure a shafi na bakwai. Adadin da ke layi na uku, sha biyu ne, ba ashirin da ɗaya ba."

"Yaya aka yi kika sani?"

"Ni na yi kuskuren."

Manajan ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallon shafin. Sannan ya miƙa hannu ya karɓe mujallarsa, ya rufe a hankali.

"Haba, yarinya," ya ce. "Farfesa guda zai yi kuskure?"