Gadar da Aka Ɗiga wa Kore

A sashen tsare-tsare na majalisar birni kowa da laƙabinsa. Ita Mai Kala suke ce mata, don ita ke kula da allon. Farin allo ne a bangon ofis, tsakanin taga da injin kwafi. Duk aikin da majalisa ta ce shi ne kan gaba a bana yana nan a rubuce, da ɗigo a gabansa. Kore, an gama. Rawaya, ana kai. Ja kuwa ba a son ganinsa. Alƙalamin jan ma ya bushe don rashin amfani, har Dogo mai injin kwafi yakan ɗaga shi ya ce Allah ya jiƙan rai.

Ƙa'idar sashen ita ce da hoto ake ba da kore. Ɗan kwangila ya aiko hoto, a duba, a ɗiga. Da hoton gadar ƙafa ta bakin kasuwa ya zo, fenti shuɗi sai ɗaukar ido yake, Mai Kala ta ɗiga mata kore da hannunta, Darakta har da cewa madalla.

Ruwan sama ne ya tona asirin. Ya tare ta wata rana a hanyar gida, ta fake a ƙarƙashin gadar, ta dafa ginshiƙin ƙarfe don ta gyara takalmi. Sai ƙarfen ya marmashe a hannunta kamar busasshen burodi. Ta ɗaga kai. Ashe fentin iyakarsa sama, inda kyamara ke gani. Ƙasa tsatsa ta cinye komai, duk wanda ya taka ya wuce sai jan gari ya zubo mata a kan ɗankwali.

Washegari tun kafin ta ajiye jaka ta shiga wurin Darakta ta faɗa masa. Ya tura ƙofa ya rufe, ya yi ƙasa da murya.

"Kin san ba a sauya kala a tsakiyar zango. Rahoto ya riga ya tafi gaban kwamitin sa ido. Zango mai zuwa ki mayar da ita rawaya."

"Ranka ya daɗe, gadar ba za ta kai zango mai zuwa ba."

"Wanda ya ɗiga ja na ƙarshe a ofishin nan, kin san inda yake?"

Ta sani. An mayar da shi ofishin maƙabarta, can yake har yau. Darakta ba mugu ba ne, matsoraci ne dai na ƙin ƙarawa, ga ritaya ta ƙarato. Ita ma ɗin, a faɗi gaskiya, tsoron ne ya rufe mata baki ta fito.

Abin da ya hana ta sakat shi ne Baba. Mahaifinta yana zaune a ƙetaren titin da gadar ke kai, kuma sai ya haye yake zuwa asibiti ana gasa masa gwiwa. Da can zagaye yake yi har wajen danja, don ya ce gadar tana rawa. Ta kira shi a waya.

"Baba, don Allah kada ka hau gadar nan."

Ya yi dariya. "Auta, ba ku kuka gyara ta ba? A rediyo na ji."

Ta kasa ce masa ita ce ta ɗiga koren. Sai ta ce matakalar ce ba ta dace da gwiwarsa ba. Ya ce to. Ta kuwa san irin wannan "to" ɗin na Baba, ta sallamar yara ce.

Ranar zaman kwamiti aka taru a babban zaure, kansiloli a gaba, 'yan sashe a baya jikin bango. Aka bi ɗigogi ɗaya bayan ɗaya, ana ta sambarka. Al'adar kwamitin kuwa, in an tashi sai a zaɓi kore guda a je a gani da ido. Shugaban kwamiti, mutum mai jiki da son hoto, ya ce a je gadar kasuwa, ta fi kusa kuma za ta yi kyau a jarida. Mai Kala ta kalli Darakta, shi kuma ya kalli takalminsa.

A cikin motar kowa na hira, ita ko kalma ba ta ji. Da aka sauka, Shugaba ya tattare rigarsa ya ce kowa ya hau, a tsaya a tsakiya gaba ɗaya, mai hoto ya ɗauka daga ƙasa. Ya ɗora ƙafa a matakalar farko.

"Ranka ya daɗe, kada ku hau."

Muryarta ta fito 'yar siririya, amma an ji. Darakta ya watso mata wani kallo, ta kau da kai.

"Ja ce, ba kore ba. Ni na ɗiga koren, daga hoto. Ku zo ku gani."

Shugaba ya bi ta ƙarƙashin gadar yana ɓata rai. Ya soka makullin motarsa a jikin ginshiƙi, makullin ya shige har gindi. Ya ja da baya, da saurin da ba a san shi da shi ba, sai da ya kai inuwar wani shago.

A nan fa aka tsaya shawara. Wani kansila ya ce rufe gada aikin sashen ayyuka ne, wani ya ce a'a, na zirga-zirga ne. Darakta ya ce ba a mayar da kore ja sai kwamiti ya sake zama. Kowa na nuna gadar da yatsa daga nesa, mutane kuwa na ta hawa da sauka, masu dako da kayansu, mata da goyo. Mai Kala ta buɗe baki za ta ce a fara tare hanyar tukuna, sai ta ji kira daga sama.

"Auta!"

Baba ne a tsakiyar gadar. Ya jingina da shuɗin ƙarfen yana hutar da gwiwa, yana ɗaga mata sandarsa, yana nuna 'yar tasa ga wani mai dako da ya tsaya kusa da shi da buhu a ka. Fuskarsa fal alfahari.

Ba ta san lokacin da ta cire takalmi ba. Ta hau a hankali, tana jin gadar na motsi a tafin ƙafarta duk sanda wani ya taka. Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ba ta kalli ƙasa ba har ta isa ta kama hannunsa.

"Yanzu nake gaya wa bawan Allah nan aikin 'yata ne," in ji Baba. "Dubi manyan da kika kawo."

"Mu sauka, Baba. A hankali."

Ya yi taku ɗaya, ya tsaya, ya dube ta.

"Auta, lafiya? Ya na ji hannunki sanyi ƙalau?"

"Taka dai, Baba," ta ce. "Kada ka dafa ƙarfen, ni za ka dafa."