Bugu na Biyu

A wannan shekara Allah Ya buɗe wa ƙungiyar ƙwallon garin, irin ƙwallon nan da ake runguma a ruga da ita ana bangazar juna, ƙofar da ta daɗe a rufe. Tun daga farkon kakar wasa har sanyi ya kankama, sau biyu kacal aka doke su. Dattawan da suka yi furfura suna jiran kofi suka soma ambatonsa a fili, abin da a da ko a ɗaka ba su yi.

Fasto Cornelius Tibbs shi ne mai yi wa 'yan wasan wa'azi da addu'a. Yana da ƙa'ida guda da kowa ya san shi da ita: yakan roƙa musu lafiyar jiki da tsarkin zuciya, amma ba ya roƙon nasara.

Ranar wasan farko na sili-ɗaya-ƙwale, yana zagaya ɗakin sauya kaya sai Garrett Lindqvist ya riƙo hannun rigarsa. Garrett ne mai bugu. Aikinsa ɗaya ne, ya shigo fili ya ɗaga ƙwallo ta tsakanin dogayen sanduna biyu, a rubuta maki uku. Ya doshi shekara arba'in, kwantiraginsa na ƙarewa, kuma kowa ya san mai bugun da ya zubar a irin wannan rana ba ya sake sa rigar ƙungiya.

"Fasto, yau kaɗai," in ji shi. "Ka roƙa ta shiga."

Tavita, ƙaton ɗan wasan da ke tare abokan karawa a sahun gaba, ya kwashe da dariya. "Kaka, me kake tsoro? Mu ake karya wa haƙarƙari. Kai rigarka ko mai wanki bai san ta ba!"

"Rufe baki, buhun shinkafa. Wa ya fid da ku kunya a Nuwamba?" in ji Garrett.

Fasto ya dafa kafaɗar Garrett. "Ɗana, can ɗakin abokan karawarku ma akwai mai addu'a, kuma Ubangijinmu ɗaya ne. Zan roƙa Ya natsar da zuciyarka."

Garrett ya gyaɗa kai, ya sunkuya yana ɗaure takalmi.

Aka yi wasa mai zafi cikin ƙanƙara da iskar da ke kaɗowa daga tafkin garin. Da lokaci ya zo ƙarshe, baƙi na gaba da maki biyu, bugu ɗaya ya rage. Garrett ya shiga, ya auna takunsa. Aka miƙo ƙwallo, ya ɗaga ta, ta ratsa tsakiyar sanduna sarai. Filin ya ɗauki sowa har ƙasa na rawa.

Amma alƙalin wasa yana ta kaɗa hannuwa. Ashe kocin baƙi ya nemi a dakata ana gab da miƙo ƙwallon. Doka ta ba shi wannan dama, kuma dabara ce sananniya, a bar mai bugu tsaye cikin sanyi shi da tunaninsa. Bugun bai ƙirgu ba. Sai an sake.

Garrett ya koma gefe ya tsaya shi kaɗai. Al'adar 'yan wasa ce ba a yi wa mai bugu magana kafin bugu, ba a ko haɗa ido da shi. Ƙattin nan duka suka juya masa baya, don ƙauna ba don ƙi ba. Fasto na tsaye kusa, yana ganin hucin numfashin Garrett na fita da sauri. Ya san ayoyi masu yawa da aka saukar domin irin wannan tsayuwa, ga su a bakinsa, amma bai matsa wurinsa ba. Ya runtse ido. Abin da ya ji zuciyarsa na faɗa shi ne, ya Ubangiji, ta shiga. Bai hana ta ba.

Aka busa usur. Ƙwallo ta tashi daidai, iska ta karkato da ita, ta bugi sandar hagu, ta faɗo waje. Ƙarar ƙarfen ta kai har kujerun sama, saboda shirun da ya sauka.

Washegari da hantsi aka raba wa kowa baƙar ledar shara, kamar yadda ake yi idan kakar wasa ta ƙare, ya kwashe kayansa. Tavita ya zo ya rungume Garrett, ya wuce. Wani ma'aikaci ya leƙo ya ce manaja na son ganin Garrett a ofishinsa na sama idan ya gama. Ba wanda bai san ma'anar wannan kira ba.

Garrett ya dubi Fasto da jajayen idanu. "Na farkon ya shiga. Ka gani ai?"

"Na gani, ɗana."

"To me ya sa?"

Fasto Cornelius ya yi shekaru yana amsa wannan tambaya a bakin kabari da gadon asibiti. Yau kuwa sai ya karɓi ledar ya buɗe bakinta, ya riƙe, Garrett ya soma zuba takalmansa ɗaya bayan ɗaya.