Ludayin Dabo

Inna Furera tana cikin kankare saiwar sheƙar ɓera da 'yar wuƙarta aka aiko cewa Mai unguwa Khalilu yana kira, kuma yanzu-yanzu. Ta san zancen. Mako uku ke nan da ya hana ta ba kowa magani, tun ranar da Dabo, mai dakon buhu a kasuwar Dawanau, ya sha jiƙonta don ciwon baya, ya wuni yana zarya tsakanin ɗaki da bayan gida har sai da aka ƙara masa ruwa.

Abin ya ci mata rai ƙwarai. Shekara talatin tana haƙo saiwar nan a gindin shingaye, ƙaya na yagar mata hannu, ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Yanzu kuwa da aka shiga shekarun da tiyar masara ta gagari magidanci, zuwa asibiti ya zama abin shawara, rabin ƙauyen ƙofarta suke bi. Sai ga shi matan da ta yi wa wankan jego suna kau da kai idan sun gan ta, ana raɗa wai guba take jiƙawa. Yau za a yanke: ko ta ci gaba, ko ta ajiye sana'ar uwarta har abada. Ta ƙulle ɗan ludayinta a bakin mayafi ta fita.

A gindin darbejiyar Mai unguwa ta tarar da Dabo ya hakimce, ga abokin dakonsa Mati, ga kuma Asama'u, 'yar ƙaninta mai karatun haɗa magunguna a jami'a, wadda ta ɗauki saiwar ta kai ɗakin gwaji. Takardar da ke hannunta ta fi komai tayar wa Furera hankali.

"To, Asama'u, karanta mana," in ji Mai unguwa. "Amma da Hausa, don girman Allah."

"Ranka ya daɗe, mun shanya saiwar, mun niƙa, mun tace. Akwai wani sinadari a ciki mai kumfa irin ta sabulu. Sai muka ba ɓeraye..."

"Ɓeraye!" Dabo ya zabura. "Ni za a gwada da ɓera?"

"Yi haƙuri, ai ɓera ya fi ka kunya wajen ci," in ji Mati.

Asama'u ta danne dariya ta ci gaba. "Waɗanda muka ba kaɗan lafiyarsu ƙalau. Waɗanda muka ɗura wa da yawa cikinsu ya ɓaci, suka ƙi abinci."

"To, guba ce ko ba guba ba ce?" Mai unguwa ya tambaya.

"Ya danganta da yawan da aka sha, ranka ya daɗe. Gwaggo, nawa kike cewa a sha?"

"Ludayi ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Haka na gada."

"Wallahi tallahi ludayi ɗaya na sha!" in ji Dabo, har da dukan ƙirji.

Dabo acici ne, kowa ya sani, amma ba ya rantsuwa a kan ƙarya. Karo na farko a rayuwarta Furera ta ji tana shakkar hannunta. Ko dai tsufa ne ya sa ta haƙo wata saiwar daban? Ta sunkuyar da kai, kunya da tsoro suka rufe ta.

Sai Mati ya fara wata irin dariya, yana riƙe ciki. "Ranka ya daɗe, a ce ya nuna ludayin."

Dabo ya ƙanƙame jakarsa. Ashe tun da abinci ya yi tsada, 'yan dakon suke taruwa su shida a kan ƙwaryar fura ɗaya da rana, kowa da ludayinsa, ana ɗiba bi da bi. Dabo, da yake Allah ya yi shi da dabara, ya je ya samo nasa na musamman, ba ya kuma rabuwa da shi. Da Mai unguwa ya daka tsawa, sai Dabo ya zaro ludayin a hankali. Ludayi ne, ba musu, tunda yana da mariƙi, amma kaza za ta iya yin kwanci a ciki.

Asama'u ta karɓa ta cika shi da ruwan buta, ta riƙa juyewa a na gwaggonta, mutane na ƙirgawa da ƙarfi. Sai da aka kai bakwai.

"Maganin kwana uku da rabi ka shanye a zama ɗaya," in ji ta.

Wuri ya kaure da shewa. Mai unguwa ya share hawayen dariya da hannun riga ya ce, "Furera, koma bakin aikinki. Kai kuma Dabo, gobe 'yan dako su yi maka naka hukuncin."

A hanyar gida Furera tana tafe tana jin kanta sakayau, har tana tsokanar Asama'u wai ta gaishe mata da ɓerayen. Asama'u ta yi murmushi, sannan ta rage murya.

"Gwaggo, Dabo ƙato ne. Da mai ciki ce ta sha da irin ludayin nan fa?"

Furera ta tsaya cak. Shekara talatin tana cewa ludayi ɗaya, ba ta taɓa tambayar kowa girman na gidansa ba. Ta juya ta koma gindin darbejiya, ta miƙa wa Dabo hannu, ya ba ta ludayin ba gardama.

Da la'asar Hure mai ƙosai ta zo karɓar jiƙo, tana ta kame-kamen gaisuwa. Ta tarar da ludayi biyu rataye a ƙofar ɗaki, babba da ƙarami.

"Ludayi ɗaya ko, Inna?"

"Koma gida ki ɗauko naki tukuna," in ji Furera. "Sai na gan shi."