Takobi a Hannun Hagu

Wayar tana cikin kwanon silba don sauti ya fito sosai. Tahira na zaune a inuwar rumbu, faifai a kan cinya, tana yanka kuɓewar shanya. Da hagu take riƙe da wuƙar, tunda babu kowa a gidan.

Bahaguwa ce tun fil azal, kuma bayan hannunta ya sha muciya kafin ta koyi ɓoye abin. Mutum ɗaya ne ba ta taɓa sauya hannu a gabansa ba, ƙanenta Abdulbasit, wanda ta goya da kanta. Malamin firamare ne a Tofa, yana kuma rubuta labarin yaƙi mai aljanu da dodanni, ya karanta wa wani zauren WhatsApp kashi-kashi. A ciki ya ƙirƙiri Jaruma Sauda, mai sara da hagu. Ranar da ya fara karanta mata ya ce, "Yaya, kin gane ta?" Ta ce, "Kai dai ba ka da aikin yi." Amma tun daga ranar, duk gajiyar da ta kwaso, da Sauda ta zare takobi sai ta ji kamar an sauke mata kaya.

Yau wayarta babu caji, shi ne ya kunna mata sabon kashi a tasa, ya wuce gona wajen masu roron wake.

Sauda ta tsallake kogin wuta ta fizgo Yarima daga bakin dodo, kashi ya ƙare. Kafin Tahira ta goge yauƙin hannunta, saƙonnin muryar 'yan zauren suka fara bin juna da kansu.

"Malam marubuci, gaskiya yarinyar nan ta ishe mu. Mace ce za ta ceci Yarima? Maza sun ƙare ne?"

"Ga girman kai, ko gaisuwa ba ta iya ba."

Wannan mai maganar tarbiyya, ta gane muryarsa. Shi ne Abdulbasit ya taɓa jiyar da ita yana zuba wa wani sadauki kirari don ya ƙone gari da mutanensa.

"Ni hagun nan ne ke ƙona mini rai. A sare hannun kawai, ta koma gindin murhu."

Tahira ba ta yi mamaki ba, gajiya kawai ta ji. Maganganun nan ta san su tun tana yarinya, waya ce dai suka samu. Ta ci gaba da yanka, tana jiran ƙanenta ya wanke su tas, don ta san bakinsa.

Muryarsa ta zo, da 'yar dariyar nan da yake yi idan yana so a so shi.

"Haba jama'a, kada kowa ya fita daga zaure. Na ji kukanku. Dama tara ta nake yi. Hannun nan ba zai kai Juma'a ba."

Wayar ta yi shiru. Kaji suka matso suna tsattsagar 'ya'yan kuɓewa, ba ta kore su ba.

Bayan la'asar Abdulbasit ya yi sallama, ƙaiƙayin wake a hularsa.

"Yaya, ya kika ji na yau?"

"Ya yi daɗi. Na ji har da na bayansa."

Ya tsaya cak. Ya dubi kwanon, ya sosa ƙeya.

"Labari ne fa kawai, Yaya. Idan suka watse, wa zan karanta wa?"

"Haka ne," in ji ta. "Ga tabarma, Malam. Sannu da rana."

Ya zauna a bakin tabarmar kamar baƙo. Tahira ta ɗauki wata kuɓewar, ta mayar da wuƙar hannun dama. Yankan ya riƙa fitowa da kauri, a karkace, shi kuwa yana kallo.