Jifa Shida

A gidan Malam Almu da ke garin Bowie akwai injiniya, akwai ma'aikaciyar jinya, amma babu wanda ya san besbol, wasan da ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda, a ruga daga tasha zuwa tasha. Tayyiba, 'yarsu mai shekara goma, a wurin maƙwabcinsu Raymond ta koya, wani tsohon direban bas. Shi ke kai ta fili duk Asabar, har ciwon huhu ya kwantar da shi.

A bana koci ya sa ta lidof, wato mai fara riƙe sanda a jerin masu bugu. Almu ya je kallo sau ɗaya, ya dawo ransa a ɓace.

"Yarinya ta tsaya ƙiƙam, ko ɗaga sandar ba ta yi ba, aka tausaya mata aka ce ta wuce tashar farko. Wata na ƙarewa zan cire ta daga wasan."

Ranar Lahadi Almu da Tayyiba suka shiga dubiya. An sa wa Raymond gado a falo, da robar iska a hancinsa. Almu ya maimaita masa ƙorafinsa.

"Jifa nawa aka yi miki jiya?" Raymond ya tambayi Tayyiba.

"Shida."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Matarsa Pauline ta miƙa masa ruwa.

"Maƙwabci, babu tausayi a ciki," ya ce wa Almu. "In mai jifa ya kauce saiti sau huɗu, dole a ba ta hanya. Aikin lidof ke nan: ta gajiyar da mai jifa, na bayanta su ga hannunsa, ita kuma ta kai tasha ko ta yaya. Idon 'yarka ya fi naka."

"To, Allah ya ba ka lafiya," in ji Almu.

Laraba da hantsi Raymond ya rasu. Hannatu, mahaifiyar Tayyiba, ta kai tukunyar shinkafa, ta zauna da Pauline har la'asar.

Ranar Asabar Tayyiba ba ta ko sa kayan wasa ba. Sai ga babanta a bakin ɗaki da makullin mota.

"Ke, za mu makara."

A fili, bayan an gama zagayen farko, ya kira ta daga bayan shingen waya.

"Na ƙirga jifa biyar. Da kyau ne ko babu kyau?"

"Da kyau, Baba."

"To wancan yaron fa, me ya sa ya ruga ba a buga ba?"

Tayyiba ta gane ba za a cire ta ba, kuma daga yau ita ce mai yin bayani.