Darasin Girki a Gidan Elwood

"Tsaya, Mama Verna, kada ki wuce da ita. Miƙo tukunyar nan."

Verna Tackett ta ja ta tsaya a bakin kicin, zafin tukunyar romon kazar da ta dafa wa Elwood na ratsa tsumman hannunta. Shekara arba'in da ɗaya tana shiga gidan maƙwabcinta Elwood ta ƙofar baya ba ta ko ƙwanƙwasawa, yau ga wadda ta dawo gidan da zama a watan Maris tana tare mata hanya. Tabitha, matar ɗan Elwood, ta karɓi tukunyar ta dire a tebur, ta buɗe. Matasa shida suka leƙo, uku nata, uku na matan cocinsu, duk 'ya'yan da ba a sa su makaranta ba, a gida ake koya musu. Kowace Talata nan suke haɗuwa koyon girki.

"Ga darasi ya kawo kansa," in ji Tabitha, da murmushin nan nata na haƙora zalla. "Wa zai faɗa min abin da ke ciki?"

"Curin farar fulawa," in ji wata doguwar yarinya.

"Kitse. Ga shi nan yana yawo a sama."

"Madalla. To a cikinsu wanne ne Ubangiji ya halitta a haka?"

"Kazar dai shi ya yi ta," in ji Verna. "Ni yanka kawai na yi."

Wani yaro ya tuntsire da dariya, Tabitha ta dube shi, ya haɗiye sauran. Aka rufe tukunyar aka tura ta gefe kamar kwanon wanke-wanke.

Hannu wofi Verna ta shiga falo, inda aka kafa wa Elwood gadon asibiti kusa da taga. Mutumin da ya yi shekara talatin yana jan motar katako a duwatsun Arkansas, yanzu bargo ya fi shi tudu. Likita ya ce zuciyar ta gaji, da wuya ya ga ƙarshen bazara, a bar shi ya ci abin da ransa ke so. Tabitha ta ce likita bai san ikon abincin da Allah ya shuka da kansa ba. Tun ranar sai sha'ir ba gishiri, da wani koren ruwan ganye da take markaɗawa safe da yamma.

"Na ji ƙamshin romon kaza," in ji Elwood. "Ko mafarki nake?"

"An ƙwace a shingen bincike."

Ya yi dariya har ta zame masa tari. Verna ta ɗaga kofin koren ruwan da ke gefensa ta shinshina. "Wannan ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sa baki."

"Kada ki yi faɗa da ita, Verna. Ita ke wanke ni kullum. Ba ta taɓa yatsina fuska ba."

Verna ta san gaskiya ne, kuma shi ya fi ba ta haushi. Da muguwa ce da an san yadda za a yi da ita.

A tsakar gida ta iske Dale, ɗan Elwood, kansa a cikin injin mota.

"Ubanka yunwa yake ji."

"Tabitha ta yi karatu sosai a kan harkar nan, Mama Verna."

"Kai kuma me ka karanta? Fuskarsa ma ba ka iya karantawa ba?"

Ƙato mai shekara hamsin, har da furfura a gemu, ya tsaya yana juya sufana a hannu kamar yau ya fara ganinta. Verna ta ja tsaki ta tsallake shinge zuwa gidanta.

Talatar da ta zagayo ba ta ɗauki tukunya ba. Ta yanki biredin masara, ta shafe shi da man shanu, ta naɗe a takarda ta jefa aljihun riga. Da ta shiga, kicin babu kowa. Daga falo muryar Tabitha ke fitowa, a hankali, irin ta masu wa'azi.

An jera yaran a ƙarshen gado. An yaye bargon har gwiwa. Ƙafafun Elwood a waje, sun kumbura suntum, fatar na sheƙi. Tabitha ta danna yatsa a ƙaurinsa, gurbin ya zauna bai taso ba.

"Kun gani? Jiki haikali ne. Ga abin da shekara saba'in na soye-soye ke yi wa haikali. Ku rubuta."

Kuma suka rubuta. Shida, da littattafansu.

Verna ta ratsa tsakiyarsu ta ja bargon ta rufe shi. "Ku fita."

"Mama Verna, muna tsakiyar..."

"Mutum ne, 'yar nan, ba kabewa ba. Na ce ku fita!"

Yaran ba su jira izinin malamarsu ba. Tabitha ta bi bayansu, wuyanta ya yi ja, tana cewa za ta sa Verna a addu'a. Jim kaɗan injin niƙan alkama ya tashi a kicin, gidan duka ya ɗauki ruri.

Elwood ya buɗe ido ɗaya. "Sun tafi?"

"Sun tafi."

"Barcin ƙarya na yi. Na ga ya fi sauƙi ga kowa."

Ta warware takardar ta gutsuro masa. Ya kasa taunawa. Sai ta lakato man da yatsa ta shafa masa a leɓe, ya lasa, ya lumshe ido.

"Kin rage gishiri," in ji shi.

"Rufe min baki."

Ta zauna riƙe da hannunsa. Numfashin ya riƙa zuwa da tazara, dogo, sai shiru, sai wani. Ta jira na gaba. Ta daɗe tana jira, injin na ta ruri. Ba ta kira kowa ba sai da ta tabbata, ta kuma ƙara minti biyar nata na kanta.

Sannan ta tashi ta shiga kicin ta zare wayar injin daga bango.

"Ya tafi."

Tabitha ta tsaya, gari har gwiwar hannu. "A'a. Jiya fa rabin kofin ruwan ganyen ya sha. Kumburin ya fara sauka, na auna." Ta dubi yaran ɗaya bayan ɗaya kamar wani zai ba ta shaida. "Sauƙi yake samu. Baba sauƙi yake samu!"

Mako guda Verna ta yi tana wasa maganganun da za ta yaɓa wa matar nan, masu kaifi, a jere. Ta dube ta tana sulalewa ƙasa a jikin firij, ta ga asara ce a kashe mata ko ɗaya.

"Wani ya je ya fito da Dale daga ƙarƙashin motar can," ta ce wa yaran, ta koma falo.

Ta rufe masa baki, ta share man da ya rage a leɓensa, ta taje gashin da yatsu. Rigarsa a buɗe take, ta bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, na wuya. Da ta ɓalla shi, yatsunta uku suka shige tsakanin kwalar da fatarsa, da sauran wuri.